Me Ya Sa Jan Nama Yake Canza Launi A Kan Wuta?



Ranar Babbar Sallah ina taya Inna suyar naman layya, sai na lura naman ja ne kafin ya shiga tukunya, amma da ya ji wuta sai ya koma ruwan ƙasa. Da muka dawo hutu na tambayi malamin kimiyya, ga abin da na koya.

A cikin tsoka akwai wani furotin mai suna mayogulobin. Kowane ɗaya yana riƙe da ƙwayar zarra ɗaya ta ƙarfe, kuma a jikin wannan ƙarfen iskar oksijin take maƙalewa. Shi ne yake ba nama launin ja. Ƙirjin kaza yana da shi kaɗan, shi ya sa yake da fari-fari. Jan ruwan da yake tsatsowa daga nama ma yawancinsa ba jini ba ne, ruwa ne haɗe da mayogulobin.

Furotin dogon zare ne da aka naɗe, ƙarfen yana ɓoye a cikin wani ɗan aljihu. Idan zafi ya kai wajen digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, naɗin yakan fara warwarewa. Aljihun ya buɗe, ƙarfen ya canza hali, ya kasa riƙe oksijin, sai jan launi ya tafi. Ko naman ya huce ba ya komawa ja, kamar yadda dafaffen ƙwai ba ya komawa ɗanye.

A jininmu akwai ɗan'uwansa himogulobin, mai ƙwayar ƙarfe 4. Yana ɗauko oksijin daga huhu ya kai ko'ina a jiki. Zafin jikin mutum wajen digiri 37 ne. Idan muna gudu a filin wasa, tsoka takan ƙara ɗumi, sai himogulobin ya sassauta riƙo, ya saki oksijin daidai inda ake buƙata. Ashe ɗan ɗumi taimako ne, zafi mai yawa kuwa ɓarna.

Amma a kula, launi yana iya ruɗin mutum. Bayan tsire yakan canza launi alhali cikinsa bai dahu ba, kuma ƙwayoyin cuta suna iya rayuwa a nan. Naman kaza sai cikinsa ya kai digiri 74 kafin a amince da shi. Don haka idan an aike mu wurin mai tsire, mu yi haƙuri ya gasu sosai. Gaggawa ba ta kai darajar lafiya ba.

Tambayar mako: tsakanin cinyar kaza da ƙirjinta, wanne ya fi mayogulobin, kuma me ya sa? A miƙa amsa ga 'yan ƙungiyarmu kafin ranar Juma'a.

Daga ɗalibar aji biyu, ƙaramar sakandare.