Amsoshin Tambayoyinku: Sharuɗɗan Ba da Kwangilar Rushe Gini

Wani mai sauraro daga Kano ya nemi sanin abin da ya wajaba kafin a ba ɗan kwangila aikin rushe gini.

Da farko, mai gida yana buƙatar takardar mallaka da izinin hukumar tsara birane, wadda a Kano ake kira KNUPDA, sannan a yanke wuta da ruwa kafin katafila ta taɓa bango. Yarjejeniyar kuwa a rubuta ta gaban shaidu, ta fayyace kuɗi da wa'adi, da wanda zai kwashe ɓaraguzai, da wanda zai mallaki rodi da kwanon rufi. Haka nan ta wajabta wa ɗan kwangilar yin inshora, wato tsarin da kamfani ke ɗaukar nauyin biyan diyya, domin idan katangar maƙwabci ta tsage ko lebura ya ji rauni, kada asarar ta faɗa kan mai gida.