Darasin Haraji: Yadda Masu Renon Yara a Gida Suke Cire Kuɗin Abinci a Amurka

A Amurka, matar da take renon 'ya'yan jama'a a cikin gidanta don a biya ta, 'yar kasuwa ce a idon doka. Wajibi ne ta bayyana wa Hukumar Tara Haraji ta Ƙasa, wato IRS, abin da ta samu a shekara, amma tana da damar cire abin da ta kashe a kan sana'ar kafin a yanka mata haraji. Abinci yana cikin manyan kashe-kashen wannan sana'a, kuma a nan akan samu saɓani da jami'an bincike, domin sau da yawa tukunya ɗaya ce take ciyar da yaran reno da iyalin gidan.

Hanyoyi biyu ne doka ta amince da su. Ta farko ita ce lissafin ainihin kuɗin da aka kashe, wanda ke buƙatar a adana rasit na kowane cefane, a kuma ware abin da iyali suka ci. Ta biyu, hukumar ta fito da ita a shekarar 2003: ƙayyadadden kuɗi a kan kowane abinci, ba tare da rasit ba. Ana ɗauko adadin ne daga shirin ciyarwa na Ma'aikatar Aikin Gona, kuma yakan canza kowace shekara. A shekarar haraji ta 2024, karin kumallo dala 1.65 ne, abincin rana ko na dare dala 3.12, ɗan abin taɓawa kuwa dala 0.93. Jihohin Alaska da Hawai suna da adadi mafi yawa.

Ga misali. Mai reno tana da yara shida, tana ba kowannensu karin kumallo da abincin rana da abin taɓawa sau biyu. Kowane yaro ya ci na dala 6.63 ke nan a rana. In ta yi aiki kwana 240, za ta cire dala 9,547.20 daga kuɗin shigarta.

Sai dai akwai sharuɗɗa. Ba a ƙirga fiye da manyan abinci uku da abin taɓawa uku ga yaro ɗaya a rana. 'Ya'yan mai renon, da duk yaron da yake zaune a gidan, ba sa cikin lissafi. Wadda ta zaɓi hanya ɗaya kuma, da ita za ta bi har ƙarshen shekarar. Tallafin da shirin ciyarwa ya biya ta shi ma sai ya shiga lissafi, domin abin da ya ɗara kuɗin abincin yaran ana biya masa haraji.

An yafe rasit, amma ba a yafe rajista ba. Tilas a rubuta sunan kowane yaro, da ranaku da sa'o'in da ya zauna, da irin abincin da aka ba shi da yawansa. Bisa ƙa'ida, hukumar tana iya waiwayowa da bincike cikin shekara uku bayan an miƙa takardun haraji, ko shida in an ɓoye fiye da kashi 25 cikin ɗari na kuɗin shiga. In jami'i ya nemi hujja aka rasa, yana iya soke abin da aka cire, ya ɗora haraji da kuɗin ruwa, wani lokacin har da tara.

Abin lura ga kowane ɗan kasuwa shi ne, nauyin kawo hujja a kansa yake. Duk wanda sana'arsa da gidansa suke ƙarƙashin rufi ɗaya, to, ya raba aljihunsu, ya kuma rubuta abin da ya fita a ranar da ya fita.