Amsoshin Tambayoyinku: Na'urar Tausasa Ruwa Ta Daina Cin Gishiri, Ko Rezin Ne Ya Mutu?

TAMBAYA: Ina da wurin wankin mota a Sakkwato, kuma da ruwan bohol muke aiki. Bara na saka na'urar tausasa ruwa, wadda masu haɗawa ke kira softina. Watannin farko sai hamdala, sabulu kaɗan kumfa har ƙasa. Yanzu kuwa kumfa ba ta tashi, baƙar mota in ta bushe sai ka ga farin tabo, kuma wata biyu ke nan gishirin da ke tanki yana nan yadda na zuba shi. Wani mai gyara ya tsoma abin awo mai kama da biro a ruwan shiga da na fita, lamba ɗaya ta nuna, ya ce rezin ya mutu, a canza. Kafin in kashe kuɗi ina neman shawara.

Daga mai wurin wankin mota, Sakkwato.

AMSA: Dakata da sayen rezin tukuna. Cikin duk abin da ka lissafa, maganar gishirin nan ce ta fi jan hankalina, domin na'urar da ta yi wata biyu ba ta taɓa gishiri ba, yunwa ce ke damunta, ba ajali ba.

Bari mu fara da ruwan. Abin da ke kashe maka kumfa sinadarai biyu ne da suka narke a ciki, kalsiyam da maganiziyam, kuma su ne farin ɓawon da ke manne wa gindin butar shayi. A yankinku wannan ba abin mamaki ba ne, tunda ƙarƙashin ƙasarku akwai dutsen farar ƙasa, shi ne ma ake haƙa a Kalambaina a yi siminti. Ruwan da ya ratsa irin wannan dutse yakan ɗebo rabonsa. Masana na auna wannan taurin da miligiram a kowace lita: ƙasa da 60 ruwa ne mai laushi, daga 121 zuwa 180 mai tauri, abin da ya haura 180 kuwa ya kai maƙura.

Doguwar tukunyar na'urarka cike take da 'ya'yan rezin, ƙanana kamar ƙwan kifi, masu ruwan zuma. Kowane ɗaya yana riƙe da sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri. In ruwa ya bi ta cikinsu, sai su cafke kalsiyam da maganiziyam su saki sodiyam. Musaya ce kawai ake yi, ba cirewa ba. Ka ga inda mai gyaranka ya yi tuntuɓe ke nan. Biron da ya tsoma, wanda ake kira mitar TDS, jimillar abin da ya narke a ruwa yake aunawa, bai san bambancin kalsiyam da sodiyam ba. Ko yau aka kwance na'ura daga kwali, lambar shiga da ta fita kusan ɗaya za su nuna. Ba na cewa cutarka ya so yi, da yawa haka aka koya musu, amma wannan awo bai isa a yanke wa rezin hukunci ba.

Awon da ya dace shi ne na ɗigo. Akwai ɗan akwati na kamfanin Hach da ake kira 5-B, akwai kuma irinsa na wasu kamfanoni a wajen masu sayar da kayan fiyawata. Za ka ɗebi ruwa, ka zuba garin awo ya koma ja, sannan ka riƙa ɗiga magani kana ƙirgawa har ya rikiɗe shuɗi. A na Hach, kowane ɗigo ɗaya daidai yake da miligiram 17 a lita. Ruwan da ya fito daga lafiyayyar na'ura bai kamata ya wuce ɗigo ɗaya ba. In ba ka samu ba, ga na gida: gora biyu masu tsabta, ɗaya da ruwan shiga ɗaya da na fita, ka kankare ɗan sabulun sanda daidai wa daida a kowace, ka girgiza. Ruwa mai laushi zai yi kumfa ya zauna garau, mai tauri kuwa ya yi fari-fari kamar tsinkakken nono. Kada ka yi gwajin da omo, shi an haɗa shi ne don ya yi kumfa ko a wane ruwa.

To, rezin yana ƙoshi. In ya cika da kalsiyam, dole a wanke shi da ruwan gishiri mai kauri don ya saki abin da ya kama ya sake ɗaukar sodiyam, kuma aikin tankin gishiri ke nan. Kan na'urar, ko Fleck ne ko Clack ko Runxin, yakan bi mataki-mataki: ya tura ruwa ta ƙasa ya zazzage datti, ya zuƙo ruwan gishiri a hankali, ya ɗauraye, sannan ya mayar da ruwa tankin gishiri don wanki na gaba. Duka ba ya wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu. A naka, wani wuri a wannan zagaye ne ya tsinke.

Fara da abin da ba ya cin ko sisi. Dubi bawul ɗin bayfas da ke bayan kan na'ura, wanda ke barin ruwa ya wuce ba tare da ya bi ta rezin ba, ko wani yaro ya juya shi ranar da ruwa ya yi rauni ya manta bai mayar ba. Sannan ɗauki sandar tsintsiya ka caka cikin gishirin. Sau da yawa saman yakan daskare ya zama kamar rufin soro, ƙasa kuwa rami ne, ruwa na can gindi bai ko taɓa gishirin ba. Kai kana leƙawa ka ga tanki cike, na'ura kuma ruwan banza take zuƙa. In sanda ta fasa ɓawo ta faɗa fanko, ka kama ɓarawon. Farfasa shi a hankali kada ka huda tanki. In kuma ka tarar gindin ya zama taɓo mai kauri kamar kunu, sai an juye tankin gaba ɗaya an wanke. Wannan taɓo yawanci daga gishirin miya yake zuwa, mai laushin nan na buhu. Na'urar ta fi son gishiri mai ƙwaya-ƙwaya kamar alewa wanda aka yi dominta. Kantun Bilma kuwa a bar wa dabbobi abinsu, ƙasar da ke cikinsa za ta toshe komai. Kuma kada ka cika tanki har baki, rabi ko ɗan sama da haka ya wadatar, a rufe shi ruf saboda ƙurar hunturu.

In gishiri lafiya yake, sai ka sa na'urar ta yi wanki da hannunka kana tsaye. Da ta kai matakin zuƙa, cire siririn tiyon da ya haɗa kai da tankin gishiri, ka ɗora yatsa a bakin. Ya kamata ka ji yana tsotsar fatarka. In shiru, ko ma ruwa ne ke fitowa, to akwai wani ɗan abu a cikin kan da ake kira injekta, mai rami kamar na allura da 'yar rariya a gefensa. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe shi. Rufe ruwa, sauke matsi, kwance shi ka wanke da tsohon buroshin haƙori da tsinken sakace. Ban da waya ko ƙusa, in ramin ya faɗaɗa ya tashi aiki. Bi tiyon zubar da ruwa ma ka gani, domin in ya lanƙwashe ko an ɗaga shi sama da yawa, zuƙa ba ta yiwuwa. Haka in goron da ya ɗaure siririn tiyon ya saki, iska za ta riƙa shiga maimakon ruwan gishiri.

Yanzu ga inda na fi zargi, domin shi ne ciwon yawancin wurarenmu. Injektan nan da ƙarfin ruwa yake aiki, yana buƙatar matsin da bai gaza bar 1.5 ba a agogon awo. Tankin ruwan da aka ɗora a sama kuwa sai ya kai tsayin mita 10 kafin ya ba da bar 1, ka ga tankin mita biyar ko shida ba zai taɓa isa ba, sai da injin ƙara matsi a kunne. Su kuma waɗannan na'urori daga masana'anta akan saita su su yi wanki da ƙarfe biyun dare, lokacin da ake zaton kowa ya kwanta. A wurinka ƙarfe biyun dare janareta a kashe yake, in kuma an ɗauke wuta na tsawon lokaci agogon wasu ma rikicewa yake. Tunda ta yi maka aiki watanni, tambayi kanka me ya canza. Ka rage awannin janareta saboda tsadar mai? An sauya famfo? Yaushe rabon a canza matacin da ke gaban na'ura? In ya toshe da laka, shi kaɗai ya isa ya karya matsin. Mafita mai sauƙi ita ce ka mayar da lokacin wanki zuwa bayan an tashi daga aiki, injin na kunne, wani na tsaye har ta gama. Kada ka yi shi ana tsakar wankin motoci, don mai tukunya ɗaya ɗanyen ruwa take sakewa a wannan lokacin. Wurin da mota ba ta yankewa, mai tukunya biyu ce ta dace da shi, ɗaya na aiki ɗaya na wanka.

Sau nawa za a yi? Lissafi ne. Litar rezin ɗaya na riƙe kimanin giram 50 na tauri. A ce tukunyarka na da lita 50, ruwanka kuma ya nuna miligiram 250, to lita 10,000 za ta tausasa kafin ta ƙoshi. In mota ɗaya na cin lita 100, mota 100 ke nan. Kowane wankin rezin zai ci gishiri wajen kilo 6, wanda ke buƙatar ruwa lita 17 da 'yan awanni kafin ya narke. Ka sa alama da fenti a jikin tanki, ka samu ɗan littafi yaranka su riƙa rubuta ranar da aka zuba gishiri da adadin motoci. Da kana da wannan littafi, da tun makon farko ka gano matsalar.

Bayan gyara, sa na'urar ta yi wanki sau biyu, da tazarar awa huɗu ko fiye, sannan ka auna da ɗigo. In har yanzu ruwan na da tauri, a nan ne za a buɗe tukunya a ɗebo rezin a tafin hannu. Mai rai ƙwayoyinsa na da ƙarfi, suna gangarawa tsakanin yatsu. Wanda ya mutu yana murtsukewa kamar dafaffen gero, kuma sinadarin kulorin ne ya fi yi masa haka, ga masu zuba shi a tanki ko masu haɗawa da ruwan famfon gari. In kuma ya yi jajawur ko baƙi-baƙi, tsatsar ƙarfe ce daga bohol ta lulluɓe shi. Wannan ana wanke shi da maganin wanke rezin ko sitirik asid da aka narka a tankin gishiri, sannan a saka matacin ƙarfe a gaba. Rezin da aka kula da shi yakan kai shekara goma, naka ko biyu bai cika ba.

Saura farin tabo, kuma a nan ba zan ɓoye maka ba: ko na'urar ta dawo garau, ba zai ɓace ɗungurungum ba. Ka tuna musaya aka yi, sodiyam na nan cikin ruwa, in ya bushe a ranar Sakkwato zai bar alama. Bambancin shi ne wannan tsumma ɗaya ke share shi, na kalsiyam kuwa manne wa fenti da gilashi yake. Masu son mota ta bushe da kanta ba tabo sukan ƙara na'urar RO, irin ta masu fiyawata, don ɗaurayar ƙarshe kaɗai, kuma softinarka ce za ta kare ta daga toshewa. Kafin ka kai can, ku riƙa wanki a inuwa, a goge kafin ruwa ya bushe. Ruwan gishirin da na'ura ke zubarwa kuma kada a sake shi gindin bishiya ko kusa da rijiya.

Gobe da safe, Malam, ka fara da sandar tsintsiya, sannan yatsa a bakin tiyo. Abin da ka gani ka rubuto mana. Allah ya ba da kasuwa.