Yadda Ake Tantance Ƙwayoyin Asiton da Butanol, a Raɗa Musu Suna

Tun daga 1915, sa'ad da Chaim Weizmann, malamin ilmin sinadarai a Manchesta, ya yi rajistar hanyar ruɓar da kunun masara da wata bakteriya domin samun asiton, wanda Ingila take matuƙar bukata wajen haɗa albarushin Yaƙin Duniya na Farko, masana'antu suka yi ta tara ire-iren waɗannan ƙwayoyi, kowace tana laƙaba wa tata sunan da ya yi mata daɗi. A 1926 Elizabeth McCoy da abokan aikinta na Jami'ar Wiskonsin suka kira ƙwayar Weizmann Clostridium acetobutylicum, amma sannu a hankali sunan ya zama rigar aro ga yawancin ƙwayoyi masu ba da butanol, har malamai biyu kan yi saɓani a kan mas'ala guda alhali ba halitta ɗaya kowannensu yake nufi ba.

Mai son tahkiki yakan fara da keɓe ƙwayar ita kaɗai. Zai ɗebi ƙasa ya dama da ruwa, ya ɗumama ta zuwa digiri 80 na kimanin minti 10, domin zafin ya kashe sauran halittu ya bar waɗanda suka ƙudundune cikin ƙwanso, sa'an nan ya shuka su a mazubin da aka fitar wa iskar oksijin, gama ita guba ce a gare su. Zai yi ta rarrabewa yana sake shuka, har ya sakankance cewa duk abin da ke cikin kwalbarsa zuriyar ƙwaya ɗaya ce.

Daga nan sai a duba siffa da ɗabi'a: a rina ta da rinin Gram a kalle ta da madubin ƙara girma, a ga ko ta fi son sitaci ko baƙin ruwan rake da ke saura bayan an fitar da sukari, ko tana daskarar da madara, kuma a auna abin da take haifarwa, wanda galibi kashi 3 asiton ne, 6 butanol, 1 etanol. Magabata a nan suka tsaya, kuma ba a zarge su ba. Sai dai hujjar ɗabi'a mai rauni ce, domin takan sauya idan abinci ya sauya.

Hujja mai ƙarfi ita ce ta nasaba. Ana karanta jerin ƙwayar gado da ake kira 16S rRNA domin sanin dangi, a da kuma akan warware zaren DNA na ƙwayoyi biyu da zafi, a gauraya, a bari su huce, a auna gwargwadon yadda suka manne wa juna. Kuma tun 1987 malaman fannin suka yi ittifaki cewa kashi 70 cikin 100 ko fiye shi ne alamar jinsi ɗaya. Da aka bi wannan hanya a shekarun 1990, musamman a wajen David Jones na Jami'ar Otago a Niyu Zilan, sai ta bayyana cewa ƙwayoyin masana'antu jinsi huɗu ne. Shahararriyar ƙwaya mai lamba NCIMB 8052, wadda aka daɗe ana wallafe-wallafe a kanta da sunan acetobutylicum, ta tabbata Clostridium beijerinckii ce. A 2001 aka tabbatar da sunayen sauran jinsi biyu: saccharobutylicum, mai ɗauke da ƙwayar masana'antar Jamiston ta Afirka ta Kudu, da saccharoperbutylacetonicum ta Japan.

Raɗin suna kuwa yana da sharuɗɗa. Wajibi ne ya zo da sigar Latin mai gaɓa biyu, a ayyana ƙwaya guda a matsayin asalin da za a riƙa komawa gare shi, kamar ATCC 824 ga acetobutylicum, a ajiye ta da rai a taskoki biyu na ƙasashe daban-daban inda kowane mai bincike zai iya nema, kana a buga sunan a mujallar IJSEM, wadda in ba ta shigar da shi ba, ba ya inganta a wurin malamai.