Hoton Manomi a Gonarsa: Me Doka Ta Ce?

Wani mai sauraro daga Madobi ya tambaya: idan baƙo ya ɗauki hotonka kana ban ruwa a gonakin Kadawa, kusa da Kura da Bunkure, ba da izininka ba, wane haƙƙi gare ka?

To, Malam, sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, amma ƙarfinsa ya fi tasiri a cikin gida, gona kuwa fili ce. Makaminka shi ne Dokar Kare Bayanai da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023. Hoton da ake gane fuskarka a cikinsa bayaninka ne, don haka kamfanin taki ko ƙungiyar da ta sa shi a talla sai ta nuna hujja, galibi amincewarka. Kana iya neman a cire shi, in an ƙi ka kai ƙara Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, ko kotu.

Wani zai ce ai hoto na mai kyamara ne. Gaskiya ne, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta ba shi mallakar hoton, sai dai mallakar hoto ba lasisin cin riba da fuskar wani ba ce. 'Yan jarida kuma doka ta yi musu sassauci saboda amfanin jama'a. Kada ka ƙwace wayar kowa, hakan zai mayar da laifin kanka. Tambayi mai ɗaukar hoton sunansa da inda hoton zai je, ka riƙe shaidu.