Kimiyyar Giya: Yadda Ake Zaɓar Rabon Giya a Motar Tseren Gajeren Zango

Gabatarwa

A ƙasar Amurka akwai wani irin tseren mota da ake yi a miƙaƙƙen fili mai tsawon rubu'in mil, wato kimanin mita 402. Motoci biyu ne ke jerawa a tsaye, da zarar fitila ta ba da hannu sai su fizga, wadda ta riga kai layin ƙarshe ita ta ci. Ƙungiyar NHRA, wadda Wally Parks ya kafa a Kaliforniya a shekarar 1951, ita ce babbar mai shirya wannan gasa. Sau da yawa abin da ke raba gwani da na biyu bai kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. Saboda haka motoci biyu masu inji iri ɗaya na iya karawa, ɗaya ta tsere wa ɗaya don kawai an fi iya zaɓa mata giya.

Mene ne Rabon Giya?

Idan ƙaramar giya mai haƙora 10 tana juya babba mai haƙora 40, sai ƙaramar ta zagaya sau huɗu kafin babbar ta zagaya sau ɗaya. Rabonsu ke nan 4 da 1. Gudun juyawa ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, amma ƙarfin murɗawa ya ninka sau huɗu. Giya ba ta ƙirƙirar ƙarfi, musaya kawai take yi, ta karɓi gudu ta ba da murɗawa. Wannan ne ya sa babbar mota mai kaya take hawa tudu da giya ta ɗaya tana gurnani, ga ƙarfi amma ba sauri.

A mota, rabo biyu ne ke haɗuwa: na akwatin giya da na aksul ɗin baya. Idan aka ninka ɗaya da ɗaya sai a sami yawan juyin da inji zai yi kafin taya ta zagaya sau ɗaya.

Daga Ƙarshe Ake Farawa

Kowane inji yana da tazarar juyi inda ya fi ba da ƙarfi, yana kuma da iyakar da in aka ƙetare ta bawul ko sandar fistin kan iya lalacewa. Manufar mai zaɓar giya ita ce motar ta tsallake layin ƙarshe a giyarta ta ƙarshe, inji na dab da wannan iyaka. Don haka daga layin ƙarshe ake fara lissafi.

Alal misali, a ɗauki mota mai giya huɗu, wadda giyarta ta huɗu 1 da 1 ce. Iyakar injinta juyi 6,500 a minti, faɗin tayar baya inci 28, ana kuma sa ran ta kai gudun kilomita 190 a awa. Kewayen tayar kimanin mita 2.23 ne. Kilomita 190 a awa daidai yake da mita 3,167 a minti. In aka raba 3,167 da 2.23, za a ga taya na juyi 1,420 a minti. In aka raba 6,500 da 1,420 kuma, sai a sami 4.58.

Daga cikin rabon aksul da aka saba ƙerawa akwai 4.11 da 4.56 da 4.88. Da 4.11 inji zai ƙare tseren a juyi 5,836, bai ba da duk abin da yake da shi ba. Da 4.88 zai kai 6,930, ya wuce iyaka tun kafin a isa layi. Da 4.56 kuwa zai tsaya a 6,475. Shi ne ya dace. Masu tsere kan lura da abubuwa biyu da kan ɗan sauya wannan lissafi: tayar tsere mai laushi tana ƙara faɗi idan gudu ya yi yawa, kuloci kuma yakan ɗan zame.

Giyar Tashi

Bayan an tsayar da na aksul, sai a dubi giya ta ɗaya. Kamfanin General Motors ya ƙera akwatunan giya da aka sani da Muncie daga 1963 zuwa 1974. Samfurin M21 yana da rabo 2.20 da 1.64 da 1.28 da 1.00. Samfurin M20 na baya-baya yana da 2.52 da 1.88 da 1.46 da 1.00.

In aka haɗa giyar farko ta M21 da aksul 4.56, jimlar rabo 10.03 ce. Ta M20 kuwa 11.49. Wato M20 ta fi tura taya da kusan kashi 15 cikin ɗari. Sai dai abin da taya za ta iya riƙewa a kan kwalta yana da iyaka. In murɗawa ta fi ƙarfin riƙon, taya za ta yi ta juyi a wuri ɗaya tana hayaƙi, abokin karawa ya wuce. In kuma rabon ya yi ƙanƙanta, inji zai nutse lokacin da aka saki kuloci. Mota mai nauyi da ƙaramin inji ta fi son babban rabo. Mota marar nauyi mai babban inji ta fi son ƙarami.

Tazara Tsakanin Giya

Duk lokacin da direba ya canza giya, juyin inji yakan faɗo. Ana gane inda zai faɗa ta hanyar ninka juyin da sabon rabo, a raba da tsohon. In ana canzawa a 6,500, shiga giya ta biyu zai sauko da injin zuwa kimanin 4,850 a akwatunan biyu. A shiga ta uku ma kusan ɗaya suke. Bambancin yana wurin shiga ta huɗu: M21 za ta sauka a 5,078, M20 kuwa har 4,452. A nan ne kuma iska ta fi tare motar, domin turjiyar iska na ninkawa sau huɗu idan gudu ya ninka sau biyu. In injin ba ya da kuzari ƙasa da juyi 5,000, abin da M20 ta samu wajen tashi za ta iya asarar sa a ƙarshen fili.

Kammalawa

Babu rabo guda da ya dace da kowace mota. Nauyinta, faɗin tayarta, halin injinta da yanayin filin su ne ke yanke hukunci. Lissafi yakan nuna inda za a fara, agogon filin tsere kuma ya tabbatar ko ya ƙaryata. Wannan gwaji a killataccen fili ake yin sa, ba a kan titin jama'a ba.

Aikin Ɗalibai

1. A ƙirga haƙoran babban faranti da na ƙaramin faranti na keke, a gano sau nawa taya ke juyawa a zagayen feda ɗaya.
2. In aka sa wa motar da ke cikin misali taya mai inci 30, wane rabon aksul ne zai fi dacewa?
3. Me ya sa taya mai ƙarin faɗi take rage juyin inji a gudu iri ɗaya?