Darasin Kiwon Lafiya: Bambancin Borin Jini Da Cin Guba

Mutum goma sun ci tuwo da miyar gyaɗa a akushi ɗaya. Tara sun tashi lafiya lau. Ɗaya kuwa jikinsa ya yi rudu-rudu, leɓensa ya kumbura. Sai a fara zargin matar gida ta sa masa guba, har aure ya nemi mutuwa. Alhali borin jini ne.

Borin Jini

Jikin mutum yana da garkuwa mai yaƙar cuta. A jikin wasu, garkuwar kan yi kuskure, ta ɗauki abu mai kyau a matsayin abokin gaba. Gyaɗa, kifi, ƙwai, harbin ƙudan zuma da allurar penisilin suna cikin masu tayar da shi. Ɗan kaɗan ya isa. Yawanci yakan taso cikin mintoci, da ƙaiƙayi da kumburi. Idan ya tsananta, maƙogwaro kan toshe, numfashi ya gagara.

Cin Guba

Guba ba ta zaɓe. Duk wanda ta shiga jikinsa da yawa sai ta cutar da shi. Misali: maganin ƙwari na feshi, kananzir, maganin ɓera, da rogo mai ɗaci da ba a jiƙa sosai ba. Takan kawo amai, ciwon ciki, dalalar miyau ko suma. Wata a hankali take kisa. A shekarar 2010, gubar dalma daga haƙar zinari ta kashe yara fiye da 400 a Jihar Zamfara.

Abin Da Za A Yi

1. Idan numfashi ya yi wuya, a garzaya asibiti. Allurar adiranalin ce ke ceton mai borin jini mai tsanani.
2. Mai borin jini ya guji abin da ke tayar masa, ya kuma sanar da malamin asibiti.
3. Kada a tilasta wa wanda ya sha guba yin amai. Kananzir kan faɗa huhu.
4. Manja da nono ba sa karya guba. A kai shi asibiti tare da kwalbar abin da ya sha.
5. A ajiye magunguna inda hannun yaro ba ya kai.

Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Me ya sa mutum ɗaya kaɗai ya kamu a cikin goma?
2. Me ya sa ake tafiya da kwalbar asibiti?